Hergé da Tantan: Hannun Gwani, Idon Baƙo

 

A hutun lekol da ya wuce, wani yaro da ke karatu a Maraɗi ya zo gida Madarunfa da wani tsohon littafi mai yagaggen bango. Da la'asar ya kawo shi rumfar da muke karatun yaƙi da jahilci. Da Faransanci aka rubuta littafin, kuma mutum biyu kaɗai ke jin Faransanci a cikinmu. Duk da haka kowa ya matso. Littafin cike yake da zane. Ga jirgin ruwa, ga mota, ga kada, ga wani ɗan Bature mai tukku da farin karensa. Wani dattijo da bai daɗe da fara haɗa baƙaƙe ba ya karɓe shi. Yana bin zanen da yatsa, yana ba mu labarin, muna ta dariya. Ya ba da labarin daidai, ko da yake bai karanta kalma ko ɗaya ba.

Can sai ya tsaya a wani shafi. Ya ce: «Kai yaro, waɗannan masu manyan leɓɓa su wane ne?» Yaron ya ce: «Baba, mutanen Kongo ne, baƙar fata.» Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «To, mu ke nan?»

Saboda wannan tambaya na rubuta takardar nan.

Wane ne mai zanen?

Sunansa na yanka Georges Remi. An haife shi a birnin Burusel, a ƙasar Beljik, ran 22 ga watan Mayu 1907. Ya rasu ran 3 ga watan Maris 1983. Ya ɗauki baƙaƙen farko na sunansa, G da R, ya juya su suka zama R da G. A bakin masu jin Faransanci ana faɗinsu «Erje». Shi ne ake rubutawa Hergé.

Yana saurayi ya samu aiki a wata jaridar ƴan Katolika mai suna Le Vingtième Siècle. Shugaban jaridar wani limamin kirista ne, Norbert Wallez. Shi ya ba shi aikin kula da ƴar jaridar yara da ke fitowa ciki kowane mako. A nan ne, ran 10 ga watan Janairu 1929, aka fara ganin Tintin, wanda ake faɗi «Tantan». Ɗan jarida ne mai yawon duniya, da karensa Milu. Daga baya ya samu abokai: Kaftin Hadok, matuƙin jirgin ruwa mai shan giya da yawan zage-zage amma mai kirki; Farfesa Turnesol, masani mai nauyin kunne; da wasu ƴan sanda biyu masu kama ɗaya, waɗanda ba su taɓa kama ɓarawon gaskiya ba.

Littattafan Tantan 24 ne. Na ƙarshe Hergé bai gama shi ba ajali ya zo. An juya su cikin harsuna fiye da 70, an sayar da fiye da miliyan 200. A 2009 aka buɗe gidan tarihi na Hergé a garin Louvain-la-Neuve. A 2011 wani Ba'amurke mai shirya silima, Steven Spielberg, ya yi fim ɗin Tantan.

Ina gwanintarsa take?

Sai a yaba wa gwani tukuna, kafin a faɗi aibinsa.

Wanda ya taɓa aikin lambu a Jiratawa ya san fangali. Ana yanka ƙasa fangali-fangali, ruwa ya cika wannan ya wuce wancan. Haka Hergé ke yanka shafinsa. Kowane fangali da zanensa. Ido ya fara daga hagu ya bi zuwa dama, ya sauko ƙasa, daidai yadda muke karatun boko. Maganar kowane mutum tana cikin wani farin kewaye mai ɗan wutsiya, wutsiyar na nuna bakin mai maganar. In Tantan na gudu, yawanci dama yake dosa, don ido ya bi shi. A ƙarshen shafi sai a bar mai karatu cikin zulumi: ƙofa ta buɗe, ko bindiga ta tashi. Dole ka juya takarda.

Layinsa kuma tsab yake. Yana kewaye kowane abu da baƙin layi mai kauri ɗaya. Ba ya cika inuwa, ba ya dagula launi. A 1977 wani mai zane ɗan Holan, Joost Swarte, ya raɗa wa wannan hanya suna da ke nufin layi mai tsabta. Har yau da wannan suna aka san ta.

Akwai wata dabara da na ga ta fi duka. Fuskar Tantan ɗigo biyu ne na ido, da ɗan hanci, da ɗan baki. Kowane yaro na iya sa kansa a cikinta. Amma mota, da jirgi, da tufafi, da gine-gine, sai ya tara hotuna ya duba, ya zana su kamar na gaske. A 1954 ya fitar da littafin da Tantan ya taka wata, shekara 15 kafin Amurkawa su sauka can a 1969.

Wannan gwaninta ta shafe mu. Wanda ke koyon karatu da girma yana gajiya in ya ga shafi baƙi ƙirin da rubutu. In zane na gefe, sai ya zama sanda gare shi. Ƴan littattafan da ake raba mana a kan ruwan gishiri da sukari, ko takin gona, ko asusun ƙungiya, da yawansu fangali-fangali aka yi su, da magana cikin kewaye. Ba Hergé ya ƙago hanyar ba, Amurkawa sun riga shi. Amma a ƙasashe masu jin Faransanci shi ya gyara ta, ya sa ta karɓu.

Littafin Kongo

Littafin da yaron nan ya kawo shi ne Tintin au Congo, wato Tantan a Kongo. Shi ne na biyu. Ya fito a jarida kashi-kashi daga 1930 zuwa 1931. A lokacin Kongo na hannun Beljik. Norbert Wallez ya so yaran Beljik su ƙaunaci mulkin mallakar ƙasarsu, shi ya sa ya ce a aika Tantan can. Hergé na da shekara 23, kuma bai taɓa taka Afirka ba. Abin da ya sani shi ne labaran ƴan mishan, da jaridu, da kayan da aka jera a gidan tarihi na Tervuren kusa da Burusel.

Ga abin da ya fito daga alƙalaminsa. Duk baƙar fata fuska ɗaya gare su: ido zuru-zuru, leɓe kamar faifai. Manya suna tunani kamar yara. Suna jin gurguwar Faransanci. Sarkinsu abin dariya ne, bokansu maƙaryaci ne. Tantan, wanda ko gemu bai yi ba, shi ke raba musu gardama, shi ke ba su magani, shi ke koya wa yaransu. A bugun farko yana koya musu cewa Beljik ce ƙasarsu. A 1946, da aka sake zana littafin da launi, sai aka mai da darasin ya zama lissafi. Fuskokin dai ba a taɓa su ba. A shafi na ƙarshe, bayan ya tafi, mutanen gari suna durƙusa wa gunkinsa.

Akwai wurin da motar Tantan ta maƙale a kan hanyar jirgin ƙasa, jirgi ya buge ta ya kife. Tantan ya sa fasinjoji baƙaƙe su tada jirgin. Suna noƙewa, har kare yana kiransu ragwaye. Ku lura da wannan kalma. Da ita aka halatta aikin tilas. Kakanninmu da suka ɗauki kaya a ka, suka fasa dutse don hanya ba da lada ba, su ma ragwaye aka ce da su. A ƙasashen da Faransa ta mallaka ba a soke aikin tilas ba sai 1946, shekarar da littafin ya samu launi.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Tantan ya harbe gadaje tuli guda. Ya kashe biri ya sa fatarsa. Ya kwashe hauren giwa. Ya huda bayan karkanda ya cusa nakiya, ta tashi da ita. Wannan shafi na karkanda sai 1975 Hergé ya sake shi, da masu buga littafi na ƙasashen arewacin Turai suka ƙi shi. Dattawan da ke tuna giwayen dajin Baban Rafi sun san ƙarshen irin wannan farauta.

Abin da littafin bai zana ba

Daga 1885 zuwa 1908 Kongo gonar mutum ɗaya ce, Sarkin Beljik Leopold na biyu. An tilasta wa mutane tara danƙon roba. Garin da bai cika awo ba a ƙone shi, a yanke hannayen mutane. Masu tarihi sun ce miliyoyi suka mutu. Babu ko inuwar wannan a cikin littafin.

Mu ma mun san baƙo mai bindiga. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan. Ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bar gawawwaki a rijiyoyi. Kaburburan Turawan nan biyu suna Maijirgi, ta wajen Tasawa, a cikin jiharmu ta Maraɗi. To, a ce wani ya zana labarin waccan tafiya, ya nuna Bature yana raba magani, mutanen Ƙonni suna yi masa godiya. Me za mu ce da shi?

Wannan shi ne babban laifin littafin. Da hannun da ya zana shi hannun ɗan koyo ne, da tuni an manta da shi. Amma hannun gwani ne, zanen na da daɗin kallo, yara sun so shi. Ƙarya mai daɗi ta fi saurin shiga. Miliyoyin yaran Turai a nan suka fara ganin baƙin mutum, tun ba su iya karatu ba. Abin da aka zana a zuciyar yaro kuwa kamar shasshawa ne, tare da shi yake girma.

Aboki daga ƙasar Sin

Amma labarin Hergé bai ƙare a Kongo ba. A 1934 ya yi shelar zai kai Tantan ƙasar Sin. Wani limamin kirista mai kula da ɗaliban Sin a garin Louvain ya rubuta masa, ya gargaɗe shi kada ya zana su yadda Turawa suka saba. Aka haɗa shi da wani ɗalibi mai koyon zane da sassaƙa, Zhang Chongren, wanda ake kira Cang. Suka riƙa zama tare. Cang ya koya masa tarihin ƙasarsu, da yadda suke riƙe alƙalamin zane. Shi ya rubuta baƙaƙen Sinanci da ke jikin bangaye da shaguna a cikin littafin.

Littafin da suka haifa shi ne Le Lotus bleu, wanda ya fito a 1936. Kamar ba hannu ɗaya ya zana shi da na Kongo ba. Mutanen Sin kowa da fuskarsa, kowa da halinsa. An nuna zaluncin sojan Japan da suka mamaye ƙasar daga 1931. An nuna Turawa masu wulakanta ƴan ƙasa a birnin Shanghai. Tantan ya ceci wani yaro daga ambaliya, shi ma sunansa Cang. Suka zauna a bakin kogi, Tantan yana ba shi labarin ƙaryace-ƙaryacen da Turawa ke yi a kan mutanen Sin, suna dariya.

Shekara biyar ce kawai tsakanin littattafan biyu. Me ya sake? Hannun dai shi ne. Abin da ya sake shi ne, wannan karo akwai ɗan gari zaune kusa da mai zane, yana ce masa: «A'a, ba haka muke ba.» Lokacin da ya zana Kongo babu ɗan Kongo a gefensa. Hausawa sun ce ɗan gari kan ci gari. Cang ya koma gida a 1935, ba su sake haɗuwa ba sai 1981.

Mahajjata a cikin jirgin ruwa

Akwai littafi ɗaya da ya taɓa mu kai tsaye. Sunansa Coke en stock, ya fito a 1958. Tantan da Kaftin Hadok sun tsinci kansu a wani jirgin ruwa a Bahar Maliya. A cikin jirgin an kulle Musulmi baƙar fata da suka fito Afirka za su Makka. Ashe mai jirgin sayar da su zai yi. A saƙonninsu na asiri, ƴan fataucin suna kiran mutanen «gawayi». Wani dillalin bayi ya hau jirgin yana taɓa damtsen mutum yana duba haƙoransa. Kaftin Hadok ya kore shi da ashar.

Wannan ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. Iyayenmu sun san masu tafiya hajji a ƙasa, ta Cadi da Sudan, shekara da shekaru, wasu ba su dawo ba. A Saudiyya ma sai 1962 aka soke bauta. A nan Hergé ya tsaya a bayan wanda aka zalunta, kuma ya cancanci yabo. Duk da haka ya sake sa wa mahajjatan gurguwar magana, ya nuna su masu wuyar ganewa. A 1962 mujallar Jeune Afrique ta soke shi a kan haka. A 1967 ya gyara maganganunsu. Kun ga amfanin suka: da ba a yi magana ba, da bai gyara ba.

A hana shi ko a bar shi?

Da ya manyanta, Hergé ya amsa cewa ya zana Kongo ne da tunanin mutanen da ya tashi a cikinsu. Bayan Kongo ta samu ƴancin kai a 1960, littafin ya yi wuyar samu. A 1970 ya dawo kasuwa, bayan wata mujallar Kinshasa mai suna Zaïre ta sake buga shi. Wasu ƴan Kongo suna karanta shi don su yi wa Turawa dariya, su ga yadda aka ɗauke su. Masassaƙan Kinshasa ma suna sassaƙa Tantan da itace suna sayar wa baƙi.

Wasu kuwa bai ba su dariya ba. A 2007 wani ɗan Kongo mazaunin Beljik, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara yana neman a hana sayar da littafin, ko a sa masa gargaɗi. A 2012 kotun Burusel ta ƙi. Ta ce Hergé bai yi nufin tada ƙiyayya ba, zamaninsa ne haka. A 2023 aka fitar da wani bugu da gabatarwa mai bayanin zamanin da aka zana shi.

Ni a ganina, kada a ƙone shi, kada kuma a miƙa wa yaro shi a tafi. Shaida ce. Yana nuna mana abin da aka koya wa yaran masu mulkinmu. In ya shigo gidanku, ku zauna tare da yaron. Ku tambaye shi: wa ya zana? Ya taɓa zuwa wurin? Wa ke ba da umurni a cikin zanen, wa ke durƙusawa? Wanda ya iya waɗannan tambayoyi ya iya karatun zane, kamar yadda ya iya karatun baƙaƙe. Za su yi masa amfani har ga hotunan da ke yawo a wayar salula.

Gadon da ya bari

Abin mamaki, Kongo ɗin da ya ɓata ita ta fi cin gadonsa a Afirka. Mongo Sisé da Barly Baruti, dukansu ƴan Kongo, sun zauna a ɗakin zanen Hergé a Burusel a shekarun 1980. Sun ɗauki tsabtar layinsa, suka zana mutanensu da fuskokinsu na gaskiya. Daga 1966 aka riƙa raba wa ƴan lekol na ƙasashenmu mujallar Kouakou, wadda jaruminta yaro ne baƙi, ko da yake a Faransa ake zana ta. A 2005 Marguerite Abouet, ƴar Kodibuwa, ta fitar da labarin Aya, wata budurwa ta unguwar Yopougon a Abijan. Ita ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana. Babu mafarauci a ciki, babu mai ceto daga waje. Akwai maƙwabta, da biki, da rigimar gida.

A ƙasarmu ma an yi gwani. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tawa. Shi ta hanyar silima ya bi. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, zane mai motsi, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyara da dukan shagalinta. Ya yi wa manya dariya, kuma dariyar ta cikin gida ce.

Mu fa?

A 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasar Nijar. Harshe kuwa yana son abin karantawa. Labari ba mu rasa shi ba. Ga Gizo da Ƙoƙi. Ga masuntan tabkin Madarunfa, da waliyyan da ke kwance kewaye da shi. Ga gulbi in ya kawo, ga ɗan ci-rani da ya bi hanyar Ɗan Isa ya dawo. Hannu ma ba mu rasa shi ba. Matar da ke zanen ƙwarya, da maɗinkin da ke aska takwas a gaban riga, da maginin da ke ado a bangon zaure, duk sun san layi mai tsabta.

Ga shawarata ga kowane aji. Ku ɗauki takarda ɗaya, ku raba ta fangali shida. Ku zaɓi labari ɗaya na garinku. Mai hannu ya zana, wanda ya iya baƙaƙe ya rubuta maganar cikin kewaye. In kun gama ku nuna wa mutanen da kuka zana. In za ku sa Bafillace ko Buzu ko Bature a ciki, ku kira shi ya zauna kusa da ku, kamar yadda Cang ya zauna. Abin da ya yi mana zafi kada mu yi wa wani.

Dattijon nan ya tambaya ko mu ke nan. Na ce masa: «A'a, Baba. Abin da wani saurayi ya ji ana faɗi ne a kanmu, ya zana bai gani ba.» Ya ce: «To, a ba jikana fensir.»

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka. Amin.